Daga Gindin Durumi Zuwa Ƙarƙashin Tamfol: Tarihin Inuwa a Wuraren Taruwar Jama'a na Garin Kontagora

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga garin Kontagora da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, abin da idonsa zai fara nema shi ne wurin fakewa. A wannan lokaci na bazara zafi yakan kusanci digiri 40, kuma kwalta da bangayen siminti su riƙe shi har bayan la'asar. Direban da ke jiran lodi a tasha, da matar da ta kawo daddawa daga ƙauye, da yaron da ke gyaran waya a bakin titi, da wanda ya makara zuwa sallar Juma'a bai sami wuri a cikin masallaci ba, duk buƙatarsu ɗaya ce. Abin da galibinsu ke samu a yau ƙyalle ne: ko dai tamfol da aka ɗaure da igiya, ko laimar talla mai tambarin wani kamfani, ko kuwa kanofin haya.

Manazarta gine-ginen Hausawa sun fi mayar da hankali ga soro da zaure da ganuwa da masallatai, domin su ne ke daɗewa har a zo a auna su. Rumfa da laima ba su sami wannan gata ba, saboda ba sa barin kufai. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin da mutanen Kontagora suka bi wajen kare kansu daga rana a wuraren taruwa, tun daga kafuwar garin zuwa yau. Za a nuna cewa a farkon al'amari inuwar ƙyalle ta sarki ce shi kaɗai, ta itace da ciyawa kuma ta kowa da kowa. A yau ƙyalle ya yi arha ya sauko hannun talaka, amma inuwar da ake sha kyauta ta ragu ƙwarai, har ta zama haja wadda sai mai kuɗi ke mallaka.

2.0 Inuwa a Bakin Bahaushe

Kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a wannan fage suna ɗauke da tarihin abin da kansu. Inuwa da rumfa da zana da bukka tsofaffin kalmomi ne da suka daɗe a harshen. Laima kuwa, wadda wasu ke furtawa lema, an aro ta ne daga Larabci, inda al-khaima ke nufin ɗakin ƙyalle na matafiya. Hausa ta ɗauko kalmar tare da ɗafinta na farko, kamar yadda ta yi wa al-khabar ta mayar da shi labari. Akwai kuma alfarwa, wadda ake faɗa wa babbar rumfar ƙyalle ta manya. Daga baya ne tanti da tamfol da kanofi suka shigo daga Ingilishi. Ke nan akwai rukuni uku: na gida, da na fataucin Sahara, da na zamanin Turawa, kuma kowane rukuni yana da nasa kayan aiki da nasa masu shi.

Haka kuma karin magana ya nuna cewa Bahaushe yana auna mutum da irin inuwarsa. Wanda alherinsa ke tsallake danginsa ya tafi ga bare, shi ne inuwar giginya, na nesa ka sha. Wanda ake amfana da shi tare da wulaƙanci, shi ne inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. Mutum biyu da ba sa jituwa akan ce ba sa shan inuwa ɗaya. An yi wa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, laƙabi da Gamji, kuma har gobe ana cewa an yi taro a ƙarƙashin inuwar ƙungiya kaza, ko wane ya tsaya takara a ƙarƙashin lemar jam'iyya kaza. Abin lura a nan shi ne, a tunanin Bahaushe inuwa aba ce da babba ke bai wa na ƙasa da shi, kuma da yawan masu shan ta ake gane girmansa.

3.0 Inuwa Iri Uku Kafin Zuwan Turawa

3.1 Itace

Inuwar farko ita ce ta itace. Kasuwar ƙauye takan fara ci ne a gindin durumi ko ceɗiya ko tsamiya, kafin a kafa ko da rumfa ɗaya. A nan wanzami ke shimfiɗa buzunsa, a nan dattawa ke zaman hantsi, a nan fatake ke sauke kaya. Sunayen wurare irin su Durumin Iya a birnin Kano da Rimin Gado a yammacinsa shaida ce ta yadda itace ke zama cibiyar unguwa ko gari. Sanyin gindin itace ya fi na kowace rumfa, domin ban da tare rana, ganye yana fitar da danshin da saiwa ta jawo daga ƙasa, wanda ke sanyaya iskar da ke kewaye.

Muhimmin abu game da wannan inuwa shi ne ba a sayar da ita. Shari'ar Musulunci ta ƙarfafa wannan fahimta, domin akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kakkausan hani ga ɓata hanyar mutane ko inuwar da suke hutawa. Wato an jera inuwa tare da hanya a matsayin haƙƙin jama'a, wanda ba ya halatta wani ya cutar da su a cikinsa.

3.2 Rumfa

Inuwa ta biyu ita ce rumfa. Akan kafa dirkoki masu gwafa, a gitta sanduna a kansu, sannan a shimfiɗa zana ta gamba ko karan dawa a ɗaure da igiyar rama. Fa'idar wannan rufi ita ce iska mai zafi tana ratsa shi ta fice sama, kuma ciyawa ba ta tara zafi ta mayar wa na ƙasa. Illarsa kuwa uku ce: gara, da ruwan damina, da wuta. Saboda haka rumfa tana da kalandarta. Bayan kaka, idan ciyawa ta bushe kara ya samu, sai a sabunta rufi domin ya tari bazara.

Tun a wancan zamani rumfar kasuwa tana da kuɗi. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Kano a 1824, ya bayyana kasuwar birnin da layukan rumfunanta, ya kuma ce sarkin kasuwa ne ke ba da hayarsu wata-wata, kuɗin kuma yana shiga cikin kuɗin shigar sarki. Sai dai hayar rumfa ba ta hana kowa inuwa ba, domin itatuwa suna nan, kuma wanda ba shi da rumfa yana da gindin da zai zauna.

3.3 Laima

Inuwa ta uku ita ce ta ƙyalle, kuma ita ce mafi ƙaranci. Dalilin ƙarancinta yana ga masaƙa. Masaƙar maza ta ƙasar Hausa ƙyalle siriri take fitarwa, wanda sau da yawa bai wuce faɗin tafin hannu ba, sai an harhaɗa da yawa da allura kafin a sami faɗin zane ɗaya. Kafin nan an nome auduga, an gurje, an kaɗa zare da mazari. Wannan ya sa tufa ta zama dukiya: da ita ake gaisuwar sarakuna, da ita ake kyauta ga malamai da mayaƙa, ita fatake ke kaiwa nesa. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ɗauki tufa a matsayin ƙashin bayan cinikin birnin. Mai hankali ba ya shanya dukiyarsa a rana don rana ta cinye ta, sai fa wanda yake son a san cewa yana da abin da ya fi ta.

Wannan ne ya sa laima ta zama alamar mulki a duk Afirka ta Yamma. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya sauka a daular Mali a 1352, ya ga Mansa Sulaiman yana zama a kan wani dandamali a gindin itace, an ɗaga masa laimar siliki mai siffar tsuntsun zinariya a samanta. Thomas Bowdich ya ga manyan laimomin sarakunan Asante a Kumasi a 1817, waɗanda kowace ke iya rufe mutane da dama. Ko ƙaramar laimar hannu ma abar mamaki ce, domin Clapperton ya rubuta cewa ya sayi wata koriyar laimar auduga ƙirar Ingila a kasuwar Kano a kan dalar Sifen uku, bayan ta ƙetaro Sahara. Laimar sarki ba don jama'a su fake aka yi ta ba. An yi ta ne don a hango daga nesa a san inda sarki yake a cikin taro.

4.0 Kontagora: Daga Sansani Zuwa Birni

Kontagora gari ne sabo idan aka kwatanta shi da Kano ko Katsina. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa shi a 1864, bayan an ba shi sarautar Sarkin Sudan a 1859. Ya shafe shekaru yana yaƙe-yaƙe a ƙasashen Kambari da Kamuku da Gwari da maƙwabtansu, yana tashi daga wannan sansani zuwa wancan. Labarin baka ya danganta sunan garin da umarnin da ya bai wa jama'arsa a bakin kogi cewa su kwantar da gora, wato su sauke gorunan ruwansu su huta. Ko yaya aka ɗauki wannan labari, yana nuna cewa mutanen garin suna tuna asalinsa a matsayin zango.

Sansani kuwa da abin da daji ya bayar ake gina shi. Ƙasar Kontagora tana kudu da tsakiyar ƙasar Hausa, ruwan samanta ya fi yawa, ciyawarta ta fi tsawo, kuma tana da kaɗanya da ɗorawa da maje da madaci, ga tukurwa a bakin rafuka. Kayan rumfa ba su yi wuya ba. Hannun da zai yanko ciyawa ya saƙa zana ma bai yi wuya ba ga masu mulki, domin tattalin arzikin masarautar a wancan ƙarni ya dogara ƙwarai ga bayin da aka kamo a hare-hare da kuma aikin ƙauyukan da aka mallake. Wajibi ne mai nazarin tarihi ya faɗi wannan, don kada a ɗauka cewa arhar inuwar da can ba ta da wanda ya biya ta da guminsa.

Nagwamatse ya rasu a 1876, ɗansa Modibbo ya gaje shi, sannan Ibrahim Nagwamatse ya hau a 1880. A zamaninsu sansani ya zama birni mai ganuwa da fada da kasuwa. Tsarin inuwa iri uku da aka bayyana a sama ya zauna daram: itace ga kowa, rumfa ga mai sana'a, laima ga sarki. Na ukun ya wanzu har yau, domin a hawan salla a ƙarƙashin laima ake hango Sarkin Sudan, kamar sauran sarakunan Arewa. Na farko da na biyu ne zamani ya sauya.

5.0 Zamanin En'e: Kwano, Mota da Darbejiya

A watan Janairu na 1901 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Kemball ta ci Kontagora. Ibrahim ya fice daga garin, aka kama shi a 1902, sannan aka mayar da shi kan gadonsa a 1903, ya ci gaba da mulki har 1929. Mulkin da ya biyo baya, wanda ya ratsa zamanin Umaru Maidubu daga 1929 zuwa 1961, ya kawo abubuwa uku da suka taɓa al'amarin inuwa.

Na farko shi ne shigar kasuwa cikin lissafin hukuma. Da aka kafa baitulmali a masarautun Arewa, kuɗin rumfa ya zama kuɗin shigar En'e da ake rubutawa a littafi, kuma duba-gari suka sami ta cewa game da tsarin layuka da wurin mahauta. A idon jami'an tsabta da na kuɗi, rumfar ciyawa matattarar ɓeraye ce kuma abincin wuta, ga shi kullum sai an sabunta ta. Saboda haka sannu a hankali aka karkata ga rufin kwano. Kwano ya yi maganin gara da ɗigar ruwa, amma ya zo da tasa cutar. Ƙarfe yana ɗaukar zafin rana da sauri ya sauke shi a kan wanda ke ƙasa, musamman idan rufin gajere ne babu silin. Wannan ne dalilin da ya sa har yau ake ganin mai rumfar kwano ya fito da benci waje da azahar, ko ya ɗora zana a kan kwanon.

Na biyu shi ne mota. Layin dogo da ya taso daga Ikko ya bi ta Jebba da Zungeru ya isa Kano, bai bi ta Kontagora ba. Hanyar mota ce ta ɗaukaka garin, domin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Jebba da Mokwa ta nufi Yawuri da Sakkwato, ga kuma hanyoyin Tegina da Rijau. Gari irin wannan garin tasha ne. Da manyan motocin kaya da kuma sojoji ne ƙyalle mai faɗi da kauri ya yawaita a Arewa, wato tanti da tamfol. Tamfol ɗin da ya tsufa a bayan mota yakan ƙarasa rayuwarsa a matsayin rumfar mai shayi ko mai faci. Ta wannan ƙofa ce inuwar ƙyalle ta fara saukowa daga kan sarki zuwa kan talaka.

Na uku shi ne dashen itatuwa. An shigo da darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, Arewacin Nijeriya a ƙarshen shekarun 1920, ta kuma bazu saboda jurewar fari da saurin girma, ga shi ba ta tsiraita da bazara lokacin da ake matuƙar buƙatarta. En'e-En'e sun jera ta tare da mangwaro da madaci a bakin hanyoyi da harabar makarantu da asibitoci. Duk da abubuwan da ake zargin mulkin En'e da su, a wannan fanni ya ɗauki inuwar hanya a matsayin aikin hukuma, kuma manyan itatuwan da suka rage a tsofaffin unguwannin ma'aikata na garuruwan Arewa gadon wancan tunani ne.

6.0 Zamanin Tamfol da Kanofi

A 1976 aka ƙirƙiri Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, a shekarar kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, suka gaji ayyukan En'e. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1979, da kuma na 1999, ya ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a. A takarda dai, inuwar kasuwa da ta tasha tana da mai ita. A aikace kuwa, garin ya yi girman da ya wuce rumfunan da aka gina.

Abubuwa da dama suka haɗu suka jawo haka. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira da albashi, ya tura jama'a da yawa ga ƙananan sana'o'in bakin hanya. Faɗaɗa tituna da gina shaguna a kowane gefe sun ci itatuwa masu yawa, ba a kuma maye gurbinsu daidai da yadda aka sare su ba. Ciyawar zana ta yi nisa da gari saboda gonaki sun cinye daji. A 'yan shekarun nan kuma hare-haren 'yan bindiga a yankunan Mariga da Rijau da maƙwabtansu sun koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, da yawansu kuwa ba su da jarin da ya wuce faranti ko baro.

Abin da ya cike gurbin shi ne roba. Masaƙun Kaduna, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1957, sun durƙushe a farkon wannan ƙarni, don haka ƙyallen da ya rufe kasuwannin Arewa ba na audugar gida ba ne. Tamfol ne na leda da ake shigowa da shi, ko buhunan taki da na hatsi da aka farke aka ɗinke. Da aka fara wayar salula a 2001, laimar kamfanonin waya ta zama shagon mai buga waya da sayar da kati, daga baya ta zama ofishin mai POS. Kanofin haya kuma ya shiga biki da suna da zaman makoki, ya ƙara samun kasuwa da dawowar siyasa a 1999. A da zaure da gindin itacen ƙofar gida ke ɗaukar masu ta'aziyya. Yanzu sai a tare titi a kafa kanofi, a biya kuɗin kwana uku.

Babu musun cewa wannan sauyi ya samar da abinci ga masu walda da teloli da masu ba da haya, ya kuma ba mai ƙaramin jari damar buɗe sana'a da laima ɗaya. Amma yana da illoli da ya kamata a lissafa. Tamfol ɗin leda ba ya numfashi, don haka idan aka ɗaure shi ƙasa-ƙasa sai ya kulle zafi kamar tanderu. Rana tana cinye shi ya yi ta ɓarɓashi cikin ɗan lokaci, ya ƙare a magudanar ruwa. Iskar farkon damina tana yaye shi tare da sandunansa. Idan kuma kowane mai shago ya miƙo nasa gaba, sai layin kasuwa ya tsuke, rufi ya haɗe da rufi, wuta ta sami gada, motar kashe gobara kuma ta rasa hanya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016, da ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021, da ta Katsina a Maris 2021, sun isa gargaɗi ga kowace kasuwa mai cunkoso.

Illar da ta fi waɗannan duka ita ce ta mallaka. Kowace laima tana da mai ita, kowane tamfol iyakarsa gaban shagon wanda ya saya. Mai saye da ke ratsa layi, da fasinja, da mai jinya da ke jira a bakin asibiti, da yarinya mai talla, da almajiri, ba su da rabo sai abin da aka ba su don kunya. Waɗannan kuwa su ne suka fi daɗewa a rana, kuma su ne mafi ƙarancin abin saye.

7.0 Abin Koyi Daga Wasu Ƙasashe

Alhazan Kontagora sun san cewa ana iya yi wa jama'a inuwar ƙyalle wadda ba ta kowa ba ce ita kaɗai. Wanda ya sauka a Jidda ya shiga ƙarƙashin rufin zangon alhazai da aka kammala a 1981, mai siffar tantuna 210 da aka ɗaga sama ƙwarai aka bar gefensu a buɗe, domin iska mai zafi ta hau ta fice. A Madina an kafa laimomi 12 a tsakar Masallacin Annabi a 1992, sannan aka ƙara 250 a harabarsa zuwa 2010, masu rufe fili mai faɗin murabba'in mita 143,000. Ana buɗe su da rana, a naɗe su da dare domin zafin da daɓe ya tara ya tashi sama. A Mina kuwa, bayan gobarar 1997 da ta hallaka alhazai fiye da 300, an maye tantunan auduga da na zaren gilashi mai rufin da wuta ba ta ci. Idan aka tuna cewa rufin farko na Masallacin Madina na ganyen dabino ne a kan kututtura, za a ga cewa tafiyar da aka yi can daga ciyawa zuwa ƙyalle ita ce aka yi a nan, sai dai can hukuma ce ta jagorance ta.

Ko shakka babu ƙaramar hukuma a Jihar Neja ba ta da kuɗin irin waɗannan ayyuka. Misalin da ya fi kusa da ƙarfinta shi ne na birnin Sabiya a kudancin Sifen, inda kowace shekara hukumar birni ke shimfiɗa ƙyallaye daga gini zuwa gini a saman titunan kasuwanci idan zafi ya gabato, ta kuma sauke su idan ya wuce. Yanayin Kontagora ya dace da wannan tsari, domin watannin da suka fi zafi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, watannin rani ne. Rufin da ake buƙata a lokacin ba sai ya tare ruwa ba. Ragar roba mai saƙa, irin wadda masu renon tsirrai ke amfani da ita, tana tare mafi yawan hasken rana ta bar iska ta wuce, kamar dai zana. Ana iya ɗaga ta sama da tsayin motar kaya a kan ginshiƙan ƙarfe masu tushe na kankare, a ja ta ta yi tauri, a sauke ta kafin guguwar farkon damina. Wannan ita ce kalandar rumfar gargajiya, kayan aiki kawai suka sauya.

Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024, cikin watan azumi, zafi mai tsanani ya mamaye yankin Sahel, har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu. Tsofaffi da ƙananan yara da masu ciki da masu aikin ƙarfi su ne irin wannan zafi ya fi kayarwa.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa tarihin inuwa a Kontagora ya bi matakai huɗu. A zamanin sansani da birnin Nagwamatse, itace da ciyawa sun wadaci jama'a, ƙyalle ya tsaya a kan sarki. A zamanin En'e kwano ya shiga kasuwa, mota ta kawo tamfol, hukuma ta dasa itatuwa. Bayan 1976 alhakin ya koma ga ƙaramar hukuma, amma girman gari ya rinjayi abin da aka tanada. A yau ƙyallen roba ya rufe ko'ina, kowa da nasa, kuma wanda ba shi da nasa yana rana.

Gyaran bai fi ƙarfin garin ba. Wuraren da jama'a ke tsayuwa dole sanannu ne: tashoshin mota, da manyan layukan kasuwa, da harabar masallatan Juma'a da majami'u, da ƙofar asibiti da ta makarantu. Ƙaramar hukuma tana karɓar kuɗin rumfa da na tasha, kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna da tsarin tara kuɗi, masarauta tana da bakin da ake ji, mawadata kuma sun saba haƙa rijiya a matsayin sadaka mai gudana, ba kuwa abin da zai hana a ɗauki rumfar jama'a a wannan matsayi. Masu walda da teloli da za su yi aikin suna cikin garin. Sharaɗi guda shi ne a san wanda zai sauke ƙyallen, ya wanke shi daga ƙurar hunturu, ya adana, ya mayar, domin rumfar da ba ta da mai kula shekara biyu take yi.

Daga ƙarshe, ƙyalle ba zai maye gurbin itace ba. Amfaninsa shi ne ya riƙe wuri na shekarun da dashe ke buƙata kafin ya yi kai. Saboda haka duk inda aka kafa ginshiƙin rumfa ya kamata a dasa darbejiya ko durumi ko madaci a gefensa, a kewaye shi daga awaki, a ba shi ruwa har ya kama. Itatuwan da mutanen Kontagora ke fakewa a gindinsu yau, waɗanda suka dasa su ba su daɗe suna shan inuwarsu ba.